Karatun Kwana Talatin a Shagon Aski

A layin nan mai famfon da ba ya kawo ruwa sai ranar da ya ga dama, akwai wani mai aski da Allah Ya hore wa abu biyu, gashin baki da cika baki. Gashin bakin dai babu ƙarya a cikinsa. Shekara goma sha tara yana kiwonsa, baƙi wuluk, ya miƙe dama da hagu ya lanƙwasa sama kamar ƙahon rago, kullum da safe sai ya shafa masa mai ya murɗe shi kafin ya gaida kowa. Cika bakin kuwa, sai dai a ce Allah Ya kyauta. In ana hirar jirgin sama, ya taɓa yi wa matuƙi aski, don haka ya san yadda ake tayar da shi. In ana hirar ciwon ƙoda, wani likita ya taɓa zama a kujerarsa minti ashirin, ya kwashe ilimin kaf.

Amma abin da ya fi tinƙaho da shi, shi ne bai taɓa waiwayawa ba yana bakin aiki. Muddin akwai kai a gabansa, madubi ne idonsa. Ta madubi yake amsa sallama, ta madubi yake musu, ta madubi yake korar kazar maƙwabta in ta leƙo. Yakan ce mai askin da ke waiwaye shi ke yanke wa mutane kunne.

'Ya'yansa biyu. Babbar ta ci sunan mahaifiyarsa, yana ce mata Uwata, shekararta shida. Sai Auta, ɗan shekara biyar, wanda duk abin da ya shiga hannunsa sai ya ɗanɗana. Dukansu suna makarantar da ke ƙarshen layi.

Wata ranar Asabar, shago cike da mutane, Mai Aski ya so ya nuna wa duniya irin 'yar da ya haifa. Ya ce, "Uwata, fita ki karanta wa mutane abin da aka rubuta a saman ƙofar nan."

Ta fita, ta ɗaga kai, ta daɗe, ta dawo.

"Baba, akwai hoton almakashi."

Tela na shagon kusa, wanda ya zo jiran layi, ya yi tari irin wanda ba na mura ba. Shi ke nan. Litinin da sassafe Mai Aski ya dira a makaranta, matajinsa saƙale a bayan kunne.

"Malama, wata uku! Wata uku ina kawo miki yara da safe ina ɗauka da rana, yarinya ta kasa karanta sunan shagon ubanta."

Malamar mace ce mai sanyin magana, ta ga iyaye iri-iri. Ta ce, "Baban Uwata, karatu a hankali ake shigarsa. Yanzu sautin haruffa muke."

"Waƙa kuke. Ina ji ta katanga. Tafi da tsalle kuke."

"Ai sannu ba ta hana zuwa."

"Sai dai a daɗe ba a je ba! Ƙarasa maganar mana, kada ki yanke mata wutsiya. Ni da nake raba gashi da gashi, 'yan haruffan da ba su kai talatin ba ne za su gagare ni? Ba ni 'ya'yana. Kwana talatin, a gida, a shagona, za su karanta miki duk littafin da kika ga dama."

Malama ta dube shi, ta dubi gashin bakin da ke rawa. Ta ce, "To, zan riƙe musu kujerunsu zuwa ƙarshen wata. Ranar zan zo da littafi."

Da a nan ya tsaya, da da sauƙi. Amma baki shi ke yanka wuya. Yana komawa shago ya tarar da Tela da kuma Direban bas ɗin da ke kwana a layin, ya zayyana musu yadda ya yi wa Malama kaca-kaca.

Tela ya ce, "In ba su karanta ba fa?"

"Za su karanta."

"Na ji. In ba su karanta ba fa?"

Mai Aski ya nemi wani babban abu da zai ɗora a kan maganar. Tsautsayi ya sa a lokacin hannunsa na kan gashin baki yana murɗawa.

"In ba su karanta ba, a aske wannan. A kujerar nan, a gaban jama'a."

Jin haka, har kazar maƙwabta sai da ta tsaya a bakin ƙofa.

Direba ya ce, "Na shaida."

Tela ya ce, "Ni ma na shaida, kuma zan gaya wa waɗanda ba su nan."

Kafin la'asar, babu gidan da labarin bai shiga ba. Matarsa tana aiki a kantin magani, ta fita da safe sai yamma, amma a can labarin ya same ta. Ta dawo ta ajiye jaka.

"Malam, na ji ka buɗe makaranta."

"An buɗe."

"Kai da ko takardar magani ni kake miƙo wa in karanta maka?"

"Rubutun likita ba rubutu ba ne, sa hannu ne mai tsawo."

Ta ce, "To."

Shekara tara suna tare, ya kamata a ce ya san wannan "to" ɗin. Bai sani ba.

Shagon ɗan tsukuku ne. Bangon gaba madubi ne daga wannan kusurwa zuwa waccan. Gefe ɗaya ƙofa, ɗaya gefen kanta ce ta mai da hoda da almakasai. Bangon baya kaɗai ya rage, inda bencin masu jira yake. A nan ya kafa babban baƙin allo, daidai saman bencin. Ya zaunar da yaran a bencin, allo a saman kansu, fuskokinsu na kallon madubi, ya ba kowa ɗan ƙaramin allo da alli. Sannan ya kafa dokoki. Ɗalibi ba ya waiwaye, kamar yadda malaminsa ba ya waiwaye. Ƙananan alluna a aljihun tebur suke kwana da makulli, kada Malama ta aiko a sace dabara. Uwar yara kuma ba ta shiga harkar makaranta.

Kowace safiya kafin kowa ya zo sai ya rubuta darasi a babban allon. Daga nan ya koma bayan kujera, ya kama kan da Allah Ya kawo, yana aski yana nuna haruffa da mataji a jikin madubi.

"Ku dubi nan. Wannan mai ciki guda biyu, ba! Ku ce ba!"

"Ba!"

"Ku rubuta. Ku ɗaga in gani."

Yaran su kwafa abin da suke gani a madubi, su ɗaga alluna, shi kuma ya duba ta madubi ba tare da ya motsa wuya ba. Kullum rubutun daidai yake fitowa, tsaf, babu kuskure ko ɗaya. Shi kansa abin ya ba shi mamaki, amma bai nuna ba, don kada a ce bai zata ba.

Masu zuwa aski su suka fara ɗanɗana kuɗarsu. A kwana na uku wani dattijo mai ritaya ya zo gyaran gemu. An kwantar da kansa, an shafa kumfa, aska na kan maƙogwaronsa, sai Mai Aski ya daka tsawa, "Na ce ka ce bu!"

Dattijo ya ce, "Bu."

"Ba da kai nake ba, Baba."

"Na sani, ɗana. Na ga dai gara in faɗa."

Tun daga ranar duk wanda aka ɗora wa aska a wuya amsawa yake. Mai wucewa ta layin sai ya ji muryoyin ƙattai suna "da, di, du," ya leƙo ya ga babu kowa sai yara biyu da mutum cikin kumfa. Wani mai gyaran famfo da bai taɓa shiga aji ba ya tashi da haruffa bakwai da gefen kai ɗaya da ya fi ɗaya tsawo.

A kwana na tara Auta ya cinye allin babban allo. Ba duka ba, ya bar guntun da ba ya kamuwa. Darasin ranar kuwa harafin K ne, kuma Direba ne a kujera, ya sunkuyar da kai yana gyangyaɗi. Mai Aski ya dubi ƙeyar nan mai faɗi, cike da gashi, ya dubi injin da ke hannunsa. Malamin kirki ba ya rasa allo. Zuu, zuu, zuu, sai ga K ƙato a ƙeyar Direba. Ya matsa gefe don yaran su gani da kyau, tunda ƙeyar su take kallo kai tsaye.

"Wane harafi ne wannan?"

Uwata ta karkata kai. "Baba, ka yi shi a juye."

Mai Aski ya duba. Shi dai daidai ya gan shi. Amma uba ba ya ƙaryata ɗalibarsa a gaban baƙo, kuma malami ba ya kuskure.

"Ba ni ba ne, Uwata. Ƙeyarsa ce a karkace."

Direba ya farka. "Ƙeyar wa?"

Aka ba shi ƙaramin madubi ya gani. Abin da ya faɗa ba na darasin yara ba ne. Mai Aski ya ce a kwantar da hankali, zai kwashe sauran gashin kyauta, Direba ya ce ko ƙwayar gashi ɗaya ba zai sake taɓa masa ba. Sati biyu yana tuƙi da hula har kunne cikin zafin nan.

A kwana na goma sha biyu aka aiki Uwata shagon Tela ta karɓo maɓalli. Ta tsaya a ƙofa ta ɗaga kai, ta ce cikin ladabi, "Kawu Tela, wanda ya rubuta maka allon sunan shagon nan ya cuce ka. A juye yake."

Tela ya biyo ta har shago da zare a baki. "Ka ji abin da 'yarka ta ce? Allon da ya shekara takwas a wurin!"

Mai Aski bai ko ɗaga ido daga kan da yake yi ba. "Ka ji ikon Allah. Kwana goma sha biyu, sun fara gyara wa gari rubutu."

"Ni fa na iya karatu. Daidai yake."

"Karatunku na da. Ita da sabon ido take gani."

Uwata ta ƙara da cewa na mai shayi ma a juye yake, da na kantin magani, da na makaranta kanta. Mai Aski ya ce wannan na ƙarshen bai ba shi mamaki ba. Da yamma an ga Tela tsaye a tsakiyar titi yana kallon allonsa, ya karkata kai dama, ya karkata hagu, har mai babur ya kusa kwashe shi.

Ranar da ta ƙarasa lalata al'amari ita ce ta ashirin. Bas ɗin Direba ta mutu a tsakiyar layi, sai ga motar asibiti ta taho ta tsaya a bayanta tana kuka, daidai ƙofar shagon aski. A goshin motar akwai jan rubutu manya-manya. Uwata na tsaye a bakin ƙofa tana shan iska. Ta dubi motar, idonta ya yi haske, ta nuna da yatsa ta ɗaga murya.

"Gag... ga... wa. Gaggawa! Baba, wannan an rubuta shi daidai!"

Rabin layin na waje suna tura bas, kowa ya ji. Mai Aski ya saki kan da yake yi, rabi a aske rabi a tsaye, ya fito ya ɗaga ta sama yana zagaye da ita.

"Kun ji? Kun ji da kunnenku? Kalmar da ban taɓa koya mata ba! Kwana ashirin! Ina Tela?"

Tela na nan, ya kau da kai. Mata biyu suka tambaya ko akwai sauran wuri a bencin. Mai Aski ya ce sai bayan ranar gwaji zai fara ɗaukar sababbi, kuma sai an yi layi. Direba kaɗai ya tsaya yana kallon goshin motar, yana sosa kai ta cikin hula.

"Amma fa wannan rubutun na motar asibiti..."

"Kai dai tura motarka. Mai karkatacciyar ƙeya ba ya sa baki a harkar ilimi."

Direba ya haɗiye maganarsa. Ya adana ta a wuri mai kyau, inda ba za ta lalace ba.

Da yamma ana cin abinci, matar ta ɗauko kwalin sabulu ta miƙa wa Uwata. "Karanta mini nan, 'yar albarka."

Mai Aski ya fizge kwalin. "Ba a buɗe tukunya kafin ta nuna."

"Malam, saura kwana goma. In akwai gyara, gara a gani yanzu. Ba a fafe gora ranar tafiya."

"Gyara? Ba ki ji labarin motar asibiti ba?"

"Na ji. Har kanti aka zo aka yi mini barka."

"To me ya rage?"

Ta dubi gashin bakinsa na ɗan lokaci, kallon da ake yi wa baƙon da ya kusa tafiya. Ta ce, "To."

Rana ba ta ƙarya. Ranar talatin Mai Aski ya aro benci huɗu ya jera a ƙofar shago, ya share titi da kansa, ya murɗe gashin baki har ƙarshensa ya kusa taɓa ido. Layin ya cika. Matarsa ta ɗauki hutun rabin yini ta zo ta tsaya a gefe da jakarta. Direba ya zo da wuri ya kama bencin gaba, ya cire hula, gashi ya tsiro amma K ɗin na nan ana ganin inuwarsa. Malama ta iso da ɗan littafi mai hoton kyanwa.

Mai Aski ya ce kafin a taɓa littafin baƙo, sai an ga na gida. Ya zaunar da yaran a bencinsu, ya tsaya a bayan kujera ko da babu kowa a kai, ya nuna madubi da mataji. Uwata ta karanto layi uku da ya rubuta a babban allo ba ta yi tuntuɓe ba. Auta ya karanto ɗaya, ya ƙara da tambayar ko an gama a ba shi allin. Aka yi tafi. Malama ma ta yi tafi, da gaske kuma, har ta ɗan yi mamaki.

"Madalla. Uwata, zo nan waje inda haske yake."

Ta zaunar da ita a bencin gaba, ta buɗe shafin farko ta ɗora mata a cinya. Uwata ta duba. Ta matso da littafin kusa da hanci, ta nisanta shi, ta juya shi ƙasa ta koma sama, ta mayar.

"Malama, wannan ma an cuce ki. A juye aka buga shi."

Auta ya leƙo. "Duk littafin?"

"Duka."

"Kai! Mutane ba su da tsoron Allah."

Wani ya yi dariya a baya, aka harare shi. Mai Aski ya ce yarinya ba ta saba da taro ba ne, a ba ta ruwa. Aka ba ta ruwa, ta sha, littafin bai gyaru ba. Ya ce hasken waje ne ya yi yawa. Aka tare rana da lema, littafin na nan yadda yake. Ya ce a duba ko littafin jabu ne, yanzu komai ana yin na jabu.

Malama ba ta yi musu ba. Ta ciro takarda da biro ta ce, "Rubuta mini Baba."

Uwata ta kama biro da kyau, ta fara daga hannun dama ta nufi hagu, kowane harafi ya juya wa ɗan'uwansa baya. Rubutu ne mai tsafta, babu wanda ya iya karanta shi. Malama ta dubi takardar. Ta leƙa shago ta dubi babban allo, ta dubi bencin da ke ƙarƙashinsa, ta dubi madubi. Ta daɗe a kan madubin. Sai ta shiga, ta ɗaga takardar a gabansa, ta ce mutane su leƙo. A cikin madubi, ga BABA nan ɓaro-ɓaro.

"Wata guda a madubi suke ganin allo," in ji ta. "Madubi kuwa juya rubutu yake. Abin da suka gani shi suka koya, shi suka rubuta. Kai kuma da suka ɗaga, ta madubi kake dubawa, ya sake juya maka shi daidai. Ko sau ɗaya ba ka karɓi allonsu a hannu ka duba ba?"

"Ni ba na waiwaye," in ji Mai Aski, amma muryar ba ta fito da ƙarfin da ta saba ba.

Malama ta kira Uwata, ta buɗe littafin ta fuskantar da shi ga madubi. Yarinya ta karanto labarin kyanwa tun daga farko har inda ta faɗa a tulu.

A nan Direba ya miƙe, ya ciro maganar da ya adana kwana goma, ko ƙura ba ta yi ba. "Rubutun goshin motar asibiti da gangan ake juya shi, don direban da ke gaba ya karanta ta madubinsa ya ba da hanya. Shi na so in faɗa aka ce ƙeyata a karkace take."

Tela ya juya ya dubi allon shagonsa daga nesa, ya sauke ajiyar zuciya. "Ashe lafiyarsa ƙalau."

Mai Aski ya ga ruwa na neman ƙare wa ɗan kada, ya yi ta maza. "Jama'a, a yi adalci. Na ce za su karanta, sun karanta. Ban ce ta ina ba."

Tela ya ce, "Ranar jarrabawa ƙatti biyu za a ɗauka su bi ta da madubin shagon nan?"

"Akwai ƙanana na aljihu."

Direba ya ce, "In ta girma ta zo tasha, sai ta juya wa mota baya kafin ta san inda za ta?"

"Ai gara haka, ba za a yi mata yankan aljihu ba."

Matarsa ce ta yi magana daga gefe, ba ta ɗaga murya ba. "Malam, littafi aka ce. An ɗora mata littafi a cinya, kowa ya gani. Alkawari kaya ne."

Malama ta so ta sassauta. Ta ce tsakani da Allah yaran sun iya haɗa sauti, wanda shi ne mai wuyar, rabin aikin ya yi, juyo su ne zai ɗauke ta wata biyu. Kujerunsu na nan, Litinin su dawo.

Tela ya ce, "To an yi adalci. Rabin aiki ya yi, a aske rabi."

Direba ya nannaɗe hannun riga ya ce shi zai yi, kyauta, har da harafi in ana so. Mai Aski ya ce ko gawarsa Direba ba zai taɓa ba. Wanzami ba ya son jarfa, amma in ta zama dole gara ya yi wa kansa. Ya shiga shago, ya zauna a kujerar da shekara goma sha tara yana tsaye a bayanta, ya ɗaura wa kansa ƙyalle, ya shafa kumfa. Mutane suka cunkushe a ƙofa. Ya ɗaga aska, ya sauke, ya sake ɗagawa. Sau uku ya ja, gefen dama ya faɗo kan ƙyalle a murɗensa, ko warwarewa bai yi ba.

Ya dubi fuskar da ta rage. Rabi ya fi duka muni, kowa ya gani, shi ma ya gani. Dariyar da aka fara a ƙofa ta mutu da kanta, don idanunsa sun kawo ruwa, kuma babu wanda ya taɓa ganin haka. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Ya ɗaga aska zai kama gefen hagu, sai ya hangi motsi a madubi. Uwata ta koma bencinta, ta ɗauko ƙaramin allonta da guntun alli, ta sunkuya tana rubutu, harshe a waje. Ta gama ta ɗaga shi sama da hannu biyu kamar kullum. A madubi ya karanta, tsaf, babu kuskure: BABA KAR KA YI KUKA.

Sai Mai Aski ya waiwaya, da aska a hannu. Ya ga 'yarsa ido da ido, ya ga allon yadda yake a fili, haruffa duk sun juya baya kamar masu fushi da juna. Ya daɗe yana kallo.

Tela da ke bakin ƙofa ya miƙa wuya. "Me ta rubuta?"

Mai Aski ya ja hanci, ya juya ga madubi. "Ba na ajinku ba ne. Ɗaga da kyau, Uwata."

Ta ɗaga da kyau, ya aske sauran.

Auta ya dube shi ya ɓuya a bayan uwarsa, ya ce a kira Baba. Tela ya shafa nasa gemun a hankali ya koma shago. Litinin da safe Mai Aski ya kai yaran makaranta da hannu a kan baki kamar mai ciwon haƙori, ya gaya wa Malama ta cikin yatsu cewa ya yi mata mai wuyar, juyawa kawai ya bar mata, kada ta ɓata masa aiki. Malama ta ce ta gode.

Babban allon an sauke shi. Ƙaramin kuwa ya rataye shi a wurin, saman benci, bai bari an goge ba. Har yau duk baƙon da ya zauna a kujerar, aka kwantar da kansa aka kawo aska kusa da wuya, in ya ɗaga ido sai ya ga madubi na ba shi haƙuri kada ya yi kuka. Wasu sukan nemi tashi. Mai Aski ya danna musu kafaɗa, ya nuna rubutun da mataji.

"Zauna, ba da kai ake ba. 'Yata ce ta rubuta. Kwana talatin, ni na koya mata."